Matakalar Baya

Saƙon ya shigo wayoyin gidan a tare, kamar an haɗa baki. Ta Umma ce ta fara ƙara a gefen filonta, sai ta Yaya Babba a aljihun gaba, sannan ta Auta, wadda ke tsaye tana goge farar rigar aikinta ta kantin magani.

Hoton Dogo ne, saurayin Auta. Irin wanda ake ɗauka mutum na riƙe da katin shaida kusa da haɓarsa, ido a zare saboda hasken waya. A ƙarƙashinsa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan mutum ɓarawo ne, ya ci bashi ya ƙi biya, duk wanda ya san shi ya yi nesa da shi.

Auta ba ta san ta manta dutsen guga a kan rigar ba sai da ƙauri ya cika falon.

"Ke, karanto mini," Umma ta miƙo wayarta. "Na ga kamar yaron nan naki mai gyaran firij. Ko gasa ya ci?"

Auta ta ɗauke dutsen gugar ta kashe shi.

Masu ba da bashi ta waya ba sa tambayar mutum jingina. Yana danna "na yarda" sun kwashe lambar duk wanda ke cikin wayarsa, daga mahaifiyarsa har mai kawo masa ruwa. Ranar da ya makara, mutuncinsa suke sayarwa su fanshe. Shi kuwa Dogo, saboda zumuɗin so, babu lambar ɗan gidan su Auta da bai ajiye ba. Ta Yaya Babba har suna ya raɗa mata, Babban Suruki, tun ba a ba shi ba.

Yaya Babba ya daɗe yana kallon hoton. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan, daga shagonsa na fenti da kayan gini ake ci ake sha, kuma in ya yi magana ba a maimaitawa. Ya ɗago a hankali.

"Wannan ne wanda manyansa za su zo wajena ƙarshen wata?"

"Yaya, don Allah ka tsaya ka ji yadda aka yi. Firizar wata mai kifi ce ta ƙone a hannunsa. Wuta aka kawo da ƙarfi, inji ya tafi. Matar nan ta zauna a ƙofar shagonsa tana kuka, jarinta ke nan kaf. Shi ne ya ci bashin ya saya mata sabon inji. Ba caca ya yi ba, ba shaye-shaye ba."

"Au. Ashe ma kin sani."

Ta yi ƙasa da kai.

"Kin sani, kika bar ni ina shirin gyara falo in karɓi baƙi. To ki gaya masa ya hutar da tsofaffinsa, kada su kashe takalmansu a banza. Mahaifinmu ya rayu ya koma ga Allah ko allura bai taɓa ara ba. A gidan nan ba a cin bashi, ba kuma a ba mai bashi aure."

"Umma, ki sa baki," in ji Auta. "Ke ce kike cewa yana da ladabi. Shi ya gyara miki firij bai karɓi ko sisi ba."

Umma ta ja numfashi, ta dafa ƙirji kamar yadda take yi in jininta ya fara hawa.

"Ladabi yana da shi, 'yar nan, ban musa ba. Amma ni ce zan fita unguwa ana nuna ni, ana ga surukar ɓarawo? Ba ni da wannan lafiyar."

"Ga mutum kamili yana ta zarya," in ji Yaya Babba. "Mai Taya abokina ne, na san cikinsa na san bayansa. Shaguna gare shi, mota gare shi, bai taɓa aure ba. Me kike nema kuma?"

"Mutumin da in ya kawo wa Umma lemo sai ya faɗi nawa ya saya?"

"Ya fi wanda zai kawo mata lemon bashi."

Ya miƙe ya ɗauki makullinsa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ba zan ɗaure ki in kai ki gidan kowa ba, ke ba yarinya ba ce. Amma muddin ni ne waliyyinki, wancan dogon banzan ya gama."

* * *

Shagon Dogo yana wani lungu a bayan kasuwa, firji a jere a ƙofarsa kamar marasa lafiya a layin asibiti. Auta na isowa ta tarar wani mutum yana ɗora nasa a baro, bayansa a buɗe, wayoyi na reto.

"Ai ba a gama ba, ranka ya daɗe," in ji Dogo.

"Bar shi haka. Gara ya ruɓe a gidana da in zo in tarar an sayar."

Dogo ya bar shi ya tafi da abinsa. Ya koma ya zauna a kan tukunyar gas. Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagonsa, yau ya naɗe kamar buhun da aka zazzage.

"Ki tafi, Auta."

"Ina?"

"Gida. Kafin wani ya ɗauki hotonki a nan ya haɗa da nawa."

"Da ya kyauta. Dama ba mu da hoto tare."

Ya so ya yi dariya, ya kasa. Ya rufe fuska da tafin hannu mai baƙin mai.

"Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Ba ɓarawon da suka ce ba. Tsohuwata ce ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa, wai in faɗa mata gaskiya me na ɗauka, za ta sayar da zobenta ta biya a rufe maganar. Uwata, Auta. Ta yarda."

Hawaye suka zubo mata. Ta jawo wani akwatin kayan aiki ta zauna a gabansa.

"Na ci na farko don firiza," ya ci gaba. "Wa'adi ya zo aiki bai shigo ba, na ci wani na biya shi. Na sake cin wani na biya wancan. Kullum ina cewa sati mai zuwa zan fita. Yanzu waya na yin ƙara hanjina ke kaɗawa, ko da ke ce."

"Har ni?"

"Har ke. Sai na ga sunan nake sakin numfashi." Ya share ido da gefen riga. "Yayanki ya yi gaskiya. Da ƙanwata ce, abin da zan yi ke nan. Ki auri Mai Taya. Za ki ci mai kyau, ki kwana ba mai buga miki ƙofa."

Ta miƙe tsaye, har akwatin ya kife.

"Ni firij ce? Ka kasa gyarawa sai ka ce mai shi ya zo da baro ya ɗauka?"

"Auta..."

"Kar ka ƙara kiran sunana in wannan maganar za ka yi! Shekara nawa ina mayar da mutane saboda kai? Na tsaya gaban Yaya jikina na rawa ina kare ka, kai kuma kana nan kana rabon gadona da raina?"

Kuka ya ci ƙarfinta. Ya bar ta ta yi mai isarta, shi ma nasa na ɗiga a kan siminti. Da ta lafa, ta ɗaga akwatin ta sake zama.

"Akwai wata mata da ke zuwa kantinmu sayen maganin ciwon kai, kusan kullum. Kwanaki ta daina. Na tambaye ta ko ta canza kanti ne, ta ce a'a, bacci ta samu. Ta ce akwai wani ofishin 'yan agaji a saman shagon kafintoci, suna ba masu bashi shawara kyauta."

"Kyauta?" Ya yi murmushin takaici. "Na ƙarshen da ya ce mini rajista kyauta ce, shi ne ya watsa hotona."

"To me ya rage da za su watsa? Tashi ka wanke fuska. Laraba za mu je."

* * *

Ta baya ake shiga ofishin. Wata matakalar ƙarfe ce siririya, maƙale a jikin ginin, ƙasanta tulin garin katako. An yi haka ne don mai hawa kada ya bi ta gaban titi, kuma ana raba wa mutane lokaci da tazara don kada wani ya ci karo da wani.

Ɗakin ba shi da girma. Tebur ɗaya, fanka mai ƙara, butar shayi a kan taga. Bayan teburin wata dattijuwa ce da tabarau a rataye a wuya, kowa Malama yake ce mata. A banki ta yi aiki har ta yi ritaya, a sashen bin bashi, ta ce yanzu ramuwa take yi.

"Kafin ka zauna," ta ce da Dogo, "ba ma ba da kuɗi, ba ma karɓa. In kuɗi ka zo nema ka sauka a hankali, matakalar tana da santsi."

"Shawara na zo nema, Malama."

"Madalla. Wannan fa?"

Dogo ya kalli Auta, ya rasa sunan da zai ba ta.

"Wadda zai aura ce," in ji Auta.

Malama ta ɗora tabarau ta ƙare mata kallo, sannan ta nuna wata shuɗiyar kujerar roba kusa da ta Dogo.

"Zauna nan, 'yata. Kujerar nan ta fi ni aiki a ofishin nan. Dokarmu ce, ba ma fara wa mutum komai sai ya kawo mutum ɗaya nasa da zai ji komai da kunnensa. Wanda ya zo shi kaɗai, shi kaɗai zai koma, ya kulle ɗaki, waya na hannunsa, kafin gari ya waye ya ci wani. Akwai masu hawa matakalar nan wata da watanni, su sha shayi, su yi kuka, su sauka. Na ce su kawo mutum, sun ƙi. Gara ruwa ya cinye su da a ga sun jiƙe."

Daga nan ta sa shi ya faɗi komai. Nawa ya karɓa, nawa ya mayar, nawa ke shigowa shago in an yi ciniki, nawa in ba a yi ba. Duk inda ya yi kwana sai ta dawo da shi. Da ya ce ba ya kashe komai a kansa, ta tambaye shi katin wayar da yake hira da Auta har kunne ya yi zafi, daga sama yake faɗowa? Auta ta rufe fuska da mayafi. Karon farko ke nan da Dogo ya yi dariya tun ranar saƙon, dariyar kuma ta juye ta zama kuka, irin na babban mutum, mai girgiza kafaɗa. Malama ba ta hana shi ba. Ta zuba masa shayi ta jira.

"To saurara," ta ce. "Za mu kira su ɗaya bayan ɗaya. Mu nemi a tsayar da ruwan da ke hawa, a yanka maka abin da za ka iya kowane wata bayan ka ci ka ƙoshi. Saƙon da suka watsa kuma ba su da hurumin yin sa, akwai inda ake kai ƙara, za mu kai. Ba zan yi maka ƙarya ba, tafiyar da nisa. Amma tana da ƙarshe, wadda kake kai ba ta da shi."

"Auren fa, Malama?"

"Aure ba bashi ba ne, sai in kun mai da shi. Amma ko cokali ba za ka saya da kuɗin aro ba. Ka ci sabon bashi, yarjejeniya ta rushe, ni kuma ban san ka ba."

Ta zuba takardunsa a wata babbar ambulan rawaya, irin wadda suke ba kowa, ta miƙa masa. Ta dubi agogo ta yi tsaki.

"Kukanka ya cinye mini lokaci. Ku sauka maza, akwai mai zuwa. Doka ta ƙarshe: duk wanda kuka gamu da shi a matakala, ba ku gan shi ba, bai gan ku ba. Ko limaminku ne."

Auta ce a gaba. Zuciyarta wasai, har tana shirya yadda za ta je wa Yaya da maganar, ta ce ga shi an kama hanya. Sun kai tsakiya sai ƙarfen ya fara amsa wasu takun daga ƙasa. Ta kawar da kai gefe kamar yadda aka ce. Amma ido ba ya jin doka. Rigar ta fara gani, ruwan toka mai aljihu a gaba, wadda ita ta goge ta da hannunta jiya da yamma.

Yaya Babba ne.

A hannunsa akwai ambulan rawaya. Tasa ba sabuwa ba ce kamar ta Dogo. Ta yi laushi, bakinta ya tattare, jikinta duk tabon gumi. Ya yi yunƙurin mai da ita baya, amma matakalar mutum ɗaya take ɗauka, babu bayan da za a ɓoye komai.

Da sun yi shiru sun raɓe, wataƙila da an samu abin da za a ɗinke daga baya. Sai dai Dogo tarbiyya ta yi masa yawa. Jikinsa bai san yadda ake wuce babban suruki ba gaisuwa ba. Nan a kan ƙarfen ya rusuna, duk tsawonsa.

"Ina kwana, Yaya."

Yaya Babba ya tsaya cak.

"Malama tana ciki, ba kowa," Dogo ya ƙara, da zuciya ɗaya. "Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta ga fuskar yayanta ta canza a kan kalmar nan, mana.

"Mai ginin ne ya ce in duba masa fenti," in ji Yaya Babba, muryarsa a bushe, bai kalli kowa ba.

Ya juya ya sauka. Bai waiwayo ba har ya sha kwana.

* * *

Mutum yana iya yafe wa wanda ya cuce shi. Wanda ya gan shi a tsiraice ne yafe masa ke da wuya.

Kafin rana ta faɗi Yaya Babba ya shigo gida, ya zauna a kujerar mahaifinsu, ya ce a kira Auta. Umma na gefe tana shan maganinta.

"Na yi magana da Mai Taya," ya ce. "Manyansa za su zo Laraba mai zuwa da yamma. Umma, a gyara falo."

"Alhamdu lillahi," in ji Umma. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Kai ne rufin asirinmu. Da mahaifinku na nan da ya yi alfahari da kai."

Maganar ta taso wa Auta har bakin harshe. Kalma kaɗan ce. Ta ce, Umma, tambaye shi ina ya je yau da safe. Ta ce, tambaye shi me ke cikin ambulan. Shi ke nan dokar gidan ta faɗi, mai dokar ya faɗi da ita, babu sauran bakin da zai kira Dogo mai bashi.

Ta ɗago ta dube shi. Shi ma ita yake kallo, ya haɗe rai kamar kullum, amma idon nasa roƙonta yake yi.

"Na ji, Yaya," ta ce, ta tashi.

A ɗaki ta kira Dogo, tana kuka tana haɗiye sauti.

"Ka ga abin da gaisuwarka ta ja mana? An ce ba ka gan shi ba, kai sai da ka durƙusa!"

"Wallahi ƙafata ce ta lanƙwashe da kanta."

"Zan faɗa wa Umma. Yanzun nan zan fita in faɗa. Ba zan zauna a ba da ni saboda girman kan wani ba."

Ya sassauta murya.

"Auta, ina son ki, Allah ya sani. In na rasa ki ban san me zan zama ba. Amma kar ki yi masa abin da aka yi mini. Na san ɗacinsa. Ko maƙiyina ba na yi wa fatan uwarsa ta ji a bakin wani."

Ta kife wayar a kan katifa ta cusa fuska cikin filo.

* * *

Da safe, maimakon kantin magani, shagon fentin Yaya Babba ta nufa. Rabonta da shiga tun tana kawo masa abinci lokacin makaranta. Daga waje babu abin da ya canza. Gwangwanaye a jere har rufi, kala-kala, shago cike kamar na mai arziki.

Yana zaune bayan kantar shagon. Ya gan ta ya ɗauke kai.

"In roƙo kika zo, na gama magana."

Ta wuce shi. Ta kai hannu ta ɗauki wani babban gwangwani daga kan katakon jera kaya, ta tattara ƙarfi don nauyinsa, sai hannunta ya tashi sama fayau. Babu komai a ciki. Ta taɓa na kusa da shi, ya yi ƙara kamar ganga. Na gaba ma haka.

"Ajiye," ya ce a hankali.

Ta ajiye. Ta goge ƙurar a jikin mayafinta.

"Ban gan ka a matakala ba, Yaya. Shi ma bai gan ka ba."

"To me ya kawo ki?"

"An ce akwai wata shuɗiyar kujera a wani ɗaki. An ce akwai masu hawa su sauka wata da watanni saboda ba su da wanda zai zauna a kanta." Ta dube shi. "Ni na iya zama a kanta. Jiya na koya."

Ya buɗe baki zai yi tsawa, irin wadda ke sa gidan ya yi tsit. Ba ta fito ba. Ya dafe kantar da hannu biyu, kansa ya yi ƙasa.

"Kin ɗauka wayo za ki yi mini? Ki raka ni, ni kuma in ba ki wancan dogon?"

"Ko ka ba ni ko ka hana ni, zan zauna. Kai ka biya mini makaranta. Kai ka riƙe Umma. Ashe duk muna ci muna ƙoshi kai kana jera gwangwanin banza, ba wanda ya tambaye ka yaya ka kwana." Hawaye suka gangaro mata. "Amma Mai Taya ba zan aure shi ba, Yaya. Na faɗa maka a nan, mu biyu, don kada in faɗa a gaban mutane."

Ya ɗago. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin ruwa a cikinsa ba, ko ranar da aka fita da gawar mahaifinsu.

"Ke yarinya ce, Auta. Kin ɗauka irin na saurayinki ne, kuɗin injin firiza." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kin san ɗakin da Umma take kwana? Kin san falon da na ce a gyara? Takardun gidan nan gaba ɗaya suna cikin durowar Mai Taya, jinginar bashin da na ci a wajensa."

Auta ta ja da baya. Ta dafa katakon jera kayan, gwangwanayen suka yi ta kaɗawa a samanta.

"Bai taɓa ce mini in ba shi ke ba," ya ci gaba. "Ya fi haka wayo. Sai dai duk ranar da ya tambayi lafiyarki, a ranar yake tuna mini wa'adi."

Wani ya leƙo yana tambayar farin fenti. Yaya Babba ya ce ya ƙare, sai an kawo. Mutumin ya dubi gwangwanaye jere har rufi, ya dube shi, ya wuce.

"Ki zo," in ji Yaya Babba. "Laraba da safe. Ki zauna a kujerar, ki ji komai, tunda ji kike so. Amma ki sani, in kin sauko daga matakalar nan, ba ni zan ce ki rabu da Dogo ba. Ke da bakinki za ki ce masa ya haƙura. Da yamma kuma ke za ki buɗe wa baƙi ƙofa."

Auta ta share fuskarta da kyau. Ta tuna Dogo ma da ya hau, cewa yake tasa ta ƙare. Ta tuna kuma Malama ba ta yi wa kowa alkawarin sauƙi ba. Ta miƙa hannu ta saman kantar.

"Ba ni ambulan ɗin, Yaya. Ni zan riƙe, kada Laraba ta yi ka ce fenti za ka dubo."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunta. Sannan ya jawo durowar da ya ɓoye ambulan ɗin a ciki.